Ciyawar sargasum: gidan renon halittun teku ce ko annoba?

Ɗalibar Labarin Ƙasa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan ciyawar nan ce da ake kira sargasum, wadda ke yawo a saman ruwan Tekun Atilantika. A 'yan shekarun nan na sha jin labarinta a rediyo, kuma kullum da mugun suna: ta cika bakin teku a Meziko da tsibiran Karibiyan, ta ruɓe, ta kori masu yawon buɗe ido, ta hana masunta fita su. Har ƙasar Babados ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2018. Sai kuma a darasinmu na ci karo da bayanin cewa Amurka ta taƙaita kwasar wannan ciyawa a ruwanta, tana lissafa ta cikin muhallan da wajibi ne a kare, kuma akwai hukuma guda da aka kafa domin kula da tekun da ciyawar ta samo asali. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai. Ta yaya abu ɗaya zai zama bala'i a wurin wasu, wasu kuma su kafa masa dokar kariya? Mene ne ainihin amfaninta a tsakiyar teku, inda babu ƙasa balle saiwa ta kama? Idan kuma tana cutar da mutane haka, me zai hana a tura jiragen ruwa su kwashe ta tun tana can nesa?

Malamin Bayoloji ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Zan fara da tambayarki ta tsakiya, domin wanda bai san abin da ciyawar take yi a tsakiyar teku ba, ba zai ga dalilin kare ta ba.

Ko da yake muna kiranta ciyawa, ba irin ta tudu ba ce. Dangin gansakuka ce: ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta yin iri. Akwai ɗaruruwan nau'o'in sargasum a duniya, kuma kusan dukkansu a manne suke da duwatsu a ruwa marar zurfi, amma biyu daga cikinsu, waɗanda masana ke kira Sargassum natans da Sargassum fluitans, ba su manne wa komai tun daga farkon rayuwarsu har ƙarshenta. Rassansu na ɗauke da wasu 'yan ƙwallaye masu iska a ciki, waɗanda ba su kai girman 'ya'yan magarya ba, kuma su ne ke riƙe ciyawar a sama. Yaɗuwarta kuwa ta hanyar karyewa ce: reshe ya ɓalle, ya ci gaba da girma shi kaɗai. Bahaushe ya ce kainuwa dashen Allah. To ita kainuwa ma tana da saiwar da ke lilo a cikin ruwa, wannan kuwa ko ita ba ta da.

Gidanta na asali shi ne Tekun Sargaso, a arewacin Atilantika, wanda shi kaɗai ne tekun da ba shi da gaɓa. Manyan igiyoyin ruwa huɗu ne suka yi masa zobe suna juyawa: Igiyar Galf daga yamma, ta Arewacin Atilantika daga arewa, ta Kanari daga gabas, sai ta Ikwaita daga kudu. Abin da ya faɗa tsakiyarsu yakan daɗe bai fita ba. Tsibirin Bamuda ne kaɗai tudun da ke cikinsa. Kolumbus ya ratsa wurin a watan Satumba na 1492, kuma da mutanensa suka ga ciyawa, har da wata 'yar kaguwa mai rai a cikinta, sai suka ɗauka tudu ya kusa, alhali da sauran tafiyar fiye da mako uku a gabansu.

Ruwan wannan yanki garau yake, shuɗi sosai, har ana iya hangen abu a zurfin da ya haura mita 50. Sai dai wannan kyan alama ce ta talauci, domin ruwan teku yakan yi kore ne idan yana da abinci da ƙananan tsirrai a cikinsa. Ki ɗauka kina tafiya a fako, ba inuwa ba ciyawa, sai ga gawo ɗaya tal a tsaye. Tsuntsu da ƙadangare da tururuwa da makiyayi da dabbobinsa, duk a ƙarƙashinsa za ki same su. Matsayin tarin sargasum a tsakiyar teku ke nan. A wurin da zurfin ruwa ya kai mita 4,000 zuwa 5,000, kuma babu dutse ko rami da ƙaramin kifi zai laɓe, ita kaɗai ce maɓoya.

Masana sun lissafa fiye da nau'in kifi 100 da ke hulɗa da ita, da wasu fiye da 100 na ƙananan halittu marasa ƙashin baya, kamar kaguwa da jatan lande da katantanwa da tsutsotsin ruwa. Kusan goma daga cikinsu rayuwarsu gaba ɗaya a jikinta take. Wanda ya fi ban mamaki shi ne wani ɗan kifi mai suna Histrio histrio, wanda launinsa da tsage-tsagen fatarsa suka saje da ciyawar har ido ba ya rabe su. Fika-fikansa na gaba kamar hannuwa suke, da su yake kama rassa yana rarrafe, kuma yana iya haɗiye kifin da ya kusa kai girmansa. Kifi mai tashi sama yana liƙa ƙwansa a jikin rassan, 'ya'yan dorado da wasu kifaye masu tsada a kasuwa suna fakewa a ƙarƙashinta har su yi ƙwari, manyan kifaye irin su tuna kuma suna kewaya ta suna farauta.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda take ciyar da kanta a ruwan da babu taki. A jikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kama naitirojin su mayar da shi abin da tsiro zai iya sha, kamar yadda ake samu a saiwar wake da gyaɗa. Kifayen da ke fake da ita su ma suna zuba mata kashinsu. Idan ta tsufa, ƙwallayenta suka fashe ko suka yi nauyi, sai ta nitse zuwa ƙasan teku, ta kai wa halittun duhu abinci.

Mai Nazarin Kifi ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara abu ɗaya, in kuma yi gyara a kan wani da nake yawan ji, ƙanwata, domin kada ki kai shi cikin jarrabawa.

Ƙarin a kan kunkurun teku ne, musamman nau'in nan mai babban kai da ke yin ƙwai a rairayin Fulorida. Ɗan kunkuru yana fitowa daga ƙwai bai cika tafin hannu ba, ya ruga cikin ruwa, ya yi ta ninƙaya ba hutu har ya bar gaɓa, daga nan sai ya ɓace wa idon mutane. Ba a sake ganinsa sai bayan shekaru, sa'ad da ya kai girman faranti. Masanin kunkuru Archie Carr na Jami'ar Fulorida ya daɗe yana bin sawun wannan lokaci da ake kira shekarun ɓata, kuma shi ne ya ƙarfafa ra'ayin cewa cikin sargasum suke shiga. A 2014 Kate Mansfield da abokan aikinta suka wallafa sakamakon bin 'ya'yan kunkuru 17 da aka liƙa wa ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana, suna aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Wasu daga cikinsu sun bar Igiyar Galf sun shiga Tekun Sargaso, kuma na'urorin sun nuna ɗumi fiye da na ruwan da ke kewaye, abin da ya dace da dabbar da ke kwance a kan ciyawa a saman ruwa. Ciyawar tana da duhu, tana shan rana, tana kuma hana ruwan da ke cikinta gauraya da na waje. Kunkuru kuwa jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, don haka ɗumi na sa shi ci da saurin girma, saurin girma kuma shi ne ke fitar da shi daga bakin tsuntsaye da kifaye. A shekarar 2014 ɗin ce Amurka ta sanya sargasum cikin muhallan da doka ta kare saboda wannan kunkuru.

Gyaran kuma a kan kifin nan ne mai siffar maciji da masana ke kira Anguilla, wanda ake yawan cewa a cikin ciyawar yake haihuwa. Gaskiya ne na kogunan Turai da na Amurka duk a Tekun Sargaso suke haihuwa, bayan tafiyar dubban kilomita. Johannes Schmidt, ɗan ƙasar Danmak, ya shafe kusan shekara 20 yana jan taru a Atilantika yana auna 'ya'yan kifin, waɗanda suke kamar ganye garau, yana bin inda suka fi ƙanƙanta har ya isa can, ya bayyana sakamakonsa a farkon shekarun 1920. Sai a 2022 aka samu shaidar kai tsaye, bayan an bi wasu manya da aka liƙa wa na'ura daga tsibiran Azores har cikin yankin. Amma har yau babu wanda ya taɓa ganin ƙwansu ko ya gan su suna barbara, kuma a ƙarƙashin ruwa suke yi, nesa da saman da ciyawar take. Saboda haka teku ɗaya suka haɗa, amma bai kamata a jingina wa ciyawar abin da ba a tabbatar nata ba ne. Hujjar kunkuru da ta 'ya'yan kifi sun ishe ta.

Abin baƙin ciki shi ne igiyoyin da ke tara ciyawar su ne ke tara shara. Tun a 1972 Edward Carpenter da Kenneth Smith suka ba da rahoton kusan gutsuren roba 3,500 a kowace murabba'in kilomita ta saman wannan teku, kuma ɗan kunkuru duk abin da ya zo gaban bakinsa cafka yake yi.

Mazaunin Takoradi ya amsa:

Malam da Malama, na karanta bayananku, kuma ba na musun ilminku, amma ku yi mini afuwa in faɗi abin da muke gani da idonmu a nan Gana. Sana'ata sayen kifin banda daga garuruwan da ke yamma da Takoradi, tun daga Aksim har zuwa kusa da iyakar Kwaddibuwa. Kafin 2011 masuntan da nake hulɗa da su ba su san wannan ciyawa da yawa haka ba. Yanzu kuwa idan lokacinta ya zo, mutum zai sayi man inji da bashi, ya kwana a kan ruwa, ya jawo taru da nauyi yana murna, sai ya tarar ciyawa ce zalla. Wani lokaci tarun ya yage saboda nauyi, wani lokaci ta naɗe farfelar injin kwale-kwale. Kwanan da ya kamata a koma su, a tsintar ciyawa daga taru ake ƙarar da shi. Matan da ke banda sai su zauna murhu ba wuta, mu masu saye mu koma da kwanduna wayam.

Sannan ga wari. Idan ta kwana biyu a kan rairayi tana ruɓewa, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke cika gari, yara na tari, manya na ciwon kai. Labarin da muke ji daga Saliyo da Laberiya da gaɓar Legas da Ondo duk iri ɗaya ne. Don haka idan na ji ana kiranta gidan reno, sai in ce wanda ke nesa da wuta shi ke yaba haskenta. Ni tambayata ita ce: idan gidanta Tekun Sargaso ne, can kusa da Amurka, me ya kawo ta ƙofar gidanmu?

Malamin Bayoloji ya sake amsawa:

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, kuma tambayarka ita ce ta warware wadda 'yata ta fara yi. Ciyawar da ke zuwa muku ba daga Tekun Sargaso take tasowa kowace shekara ba. Tun daga 2011 wani sabon tari ya kafu a kudu da shi, a ruwan da ke tsakanin Afirka ta Yamma da Barazil, inda a da ba a san ta da yawa ba. Mengqiu Wang da Chuanmin Hu na Jami'ar Kudancin Fulorida, tare da abokan aikinsu, sun auna shi da hotunan tauraron ɗan'adam, suka wallafa a mujallar Science a 2019 cewa a watan Yuni na 2018 tsawonsa ya kai kilomita 8,850, daga gaɓar Afirka har Gacin Meziko, nauyinsa kuma ya haura tan miliyan 20. A watan Mayu na 2025 ma'aunin jami'ar ya haura tan miliyan 37.

Bayanin da ya fi samun karɓuwa game da mafarinsa shi ne, a hunturun 2009 zuwa 2010 iskokin arewacin Atilantika sun sauya hanya fiye da yadda aka saba, suka tura wani ɓangare na ciyawar gabas, igiyar ruwa ta gangaro da shi kudu. A can sai ta tarar da abin da ba ta da shi a gida: rana da ɗumi duk shekara, da kuma taki. Takin kuwa masana na duba hanyoyi da dama da yake zuwa. Akwai ruwan Kogin Amazon, wanda sare daji da takin zamani suka ƙara wa sinadarai. Akwai ruwan ƙasan teku mai albarka da ke tasowa sama a gaɓar Afirka ta Yamma da kuma kusa da Ikwaita. Akwai kuma ƙurar Sahara, irin wadda muke shaƙa da hunturu, wadda Kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke cikin manyan wuraren da take tashi, tana ɗauke da ƙarfe da fosfaras har tsallaken teku. Gwargwadon rabon kowannensu shi ne abin da ake ta muhawara a kai, kuma a ganina duk wanda ya ɗora laifin a kan guda ɗaya ya yi gaggawa.

Abin da ke mayar da ita cuta shi ne yawa da kuma wurin da ta tsaya. A tsakiyar teku a warwatse take, iska na kaɗa ta, ruwa na wanke ta. Idan ta taru a gaɓa marar zurfi, sai ta tare wa ciyawar ƙasan ruwa da murjani hasken rana, ruɓewarta ta shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifaye su mutu. Warin da Alhaji ya ambata na iskar haidirojin salfaid ne, kuma ba wari kawai ba ne: a tsibiran Gwadalup da Matinik likitoci sun lissafa mutane sama da 11,000 da ta taɓa lafiyarsu cikin wata takwas na farkon 2018. Shi kansa kunkurun da take reno a tsakiyar teku, a gaɓa takan hana uwarsa hawa rairayi ta yi ƙwai, ta kuma tare 'ya'yan su kasa kai wa ruwa. Alhali da can, ɗan abin da igiya ke kawowa jefi-jefi abinci ne ga tsuntsayen gaɓa, yana kuma taimaka wa rairayi ya kama.

Ɗalibar Labarin Ƙasa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Anti, kuma Alhaji Allah ya kawo sauƙi. Yanzu na gane cewa wurare biyu ake magana a kai. Saura tambayata ta ƙarshe a kan kwashe ta tun tana nesa. Kuma tunda tana da yawa haka, ba za a iya busar da ita a ba dabbobi ko a yi takin gona da ita ba?

Mai Nazarin Kifi ta sake amsawa:

Ƙanwata, kwashe ta a tsakiyar teku yana da matsala biyu. Ta farko girman wurin: abin da ya bazu a tsawon dubban kilomita, yana kuma iya ninka kansa cikin 'yan makonni idan yanayi ya yi masa daɗi, babu adadin jiragen da za su share shi. Ta biyu ita ce, duk tarun da ya ɗebo ciyawar ya ɗebo masu gidan tare da ita. Wannan ne ya sa dokar da Amurka ta kafa a 2003 ta hana ɗibarta a gaɓar kudu maso gabashin ƙasar, in ban da wani yanki da ke gaban jihar Karolaina ta Arewa mai nisan fiye da mil 100 daga tudu, kuma ko a can abin da aka yarda a ɗiba a shekara bai wuce tan biyu da ɗan ɗoriya ba.

Hukumar da kika ji labari ita ce Hukumar Tekun Sargaso, wadda ta biyo bayan Sanarwar Hamilton da aka sanya wa hannu a Bamuda a watan Maris na 2014, inda gwamnatocin Bamuda da Birtaniya da Amurka da Monako da Azores suka fara shiga. Ba ta da ikon kama kowa ko cin tara, domin mafi yawan tekun ba ya ƙarƙashin ikon kowace ƙasa. Aikinta tattara hujjoji da jan hankalin ƙungiyoyin da ke kula da kamun kifi da zirga-zirgar jirage. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a watan Yuni na 2023 kan halittun tsakiyar teku ita ce ta buɗe hanyar keɓe irin wannan wuri a bisa doka.

Inda kwashewa ke da ma'ana shi ne kusa da gaɓa, kafin ta sauka. Meziko ta danƙa wa sojan ruwanta wannan aiki tun 2019, suna kafa shinge mai yawo a kan ruwa, ƙananan jirage na ɗebe abin da ya taru a jikinsa. Idan ta riga ta sauka, katafila takan kwashe rairayi tare da ita ta kuma murƙushe ramukan ƙwan kunkuru, don haka cokali mai yatsu da baro sun fi, ko da sun fi cin lokaci.

Batun abincin dabbobi da taki kuwa, a yi hattara. Wannan ciyawa tana tara gubar arsenik daga ruwan teku, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Meziko da Karibiyan sun sha samun ta fiye da iyakar da aka yarda da ita a abincin dabbobi. Ga kuma gishiri, wanda ke kashe ƙasar noma. Shi ya sa masu sarrafa ta suka fi karkata ga abin da ba a ci, kamar bulon gini da ake haɗawa da ita a jihar Kintana Ro, da takarda, da iskar gas ta girki. Alhaji, idan mutanenku za su kwashe ta, su yi tun tana sabuwa, kafin ta kwana biyu ta fara fitar da iskar nan, su shanya ta a baje ba a tsibi ba, a wuri mai nisa da rijiyoyi da gonakin kayan miya, domin ruwan da ke tsatsafowa daga tsibinta yana ɗauke da gishirin da gubar zuwa cikin ƙasa.